Tsirkiya ta Huɗu

Da la'asar na ɗaure ta daidai,
na jingine ta, na tafi bakin randa.
Kafin in aje moɗa ta saki jiki,
muryarta ta zube ƙasa
kamar wandon da zariyarsa ta tsinke.

Gitar bas ce ja, da tabon taba a kafaɗa.
Na saye ta hannun wani tsohon makaɗi a Gamkalle
wanda ya ce yatsunsa sun daina jin magana.
Tsirkiya uku suna da ladabi.
Ta huɗun, mai kaurin igiyar guga,
ita ke kwance mini zani a kasuwa.

Daren Asabar, bikin wani ɗan duwan a Bukoki,
kiɗi ya nuna, fili ya cika,
sai Alzuma mai ganga ya waiwayo
ya yi mini kallon wanda na taka wa sabon takalmi.
Ni ina danna inda na saba dannawa,
amon yana fita wata unguwa dabam.

Na fara zargin zafi.
Yamai a watan Afrilu, ko ƙarfe sai ya yi miƙa.
Na raba ta da bangon kwano,
na yi mata shimfiɗa ƙarƙashin gado.
Ta sauka.

Na ce tsufan tsirkiya ne.
Na tafasa ta a tukunyar Balkisa,
gumin shekaru ya taso yana kumfa.
Balkisa ta leƙo: "Yau miyar waya za mu sha?"
Na sayi sabuwa, jika huɗu, kuɗin cefanen kwana uku.
Ita ma ta sauka.

Na goga bakin fensir a tsagin ƙashi, ko tana maƙalewa.
Na matse jaki da turnabis har tafina ya yi kanta.
Na runtse ido ɗaya na hangi wuyan daga kai zuwa gindi,
miƙe yake sambal.
Daga ƙarshe kunnena na zarga,
kwana biyu ban faɗa wa kowa ba.

A Katako akwai Tankari,
mai gyaran fanka da agogon bango,
bai taɓa kaɗa ko gurmi ba.
Ya ɗora ta bisa cinya kamar akuyar da za a duba wa baki,
ya buɗe bayan kunnenta,
ya zaro wani ɗan faifan ƙarfe da bai kai dala biyar faɗi ba,
ya hure shi, ya ɗaga wa rana.

"Ƙirga," ya ce.
Haƙora duk lafiya lau, sai biyu,
sun cinye, sun yi sumul kamar dandamalin masallaci.
"Mai ita na da, nan yake tsayawa kullum.
Shekara nawa, Allah masani.
Inda take daidai, nan ta lalace."

Bai canza komai ba.
Ya warware tsirkiya, ya juya kunnen rabin zagaye,
ya sake naɗi, zobe uku, kowane ƙarƙashin ɗan'uwansa.
"Sauran haƙoran sun huta isasshe, su ma su ɗauki kaya."
Dala arba'in ya karɓa,
ya ƙara mini da kofin shayi na biyu.

Da dare wuta ta ɗauke.
Na zauna tsakar gida ba lasifika,
na kafa haɓata a kan katakonta,
na ja ta huɗun sau ɗaya.
Amon ya bi muƙamuƙina, ya sauka ƙirji,
ya zauna inda na aje shi.
Na jira. Sauro ya zo ya tafi. Na sake ja.
Tana nan.

Sai dai hannuna bai ji labari ba tukuna.
Tsakanin kiɗi da kiɗi yakan miƙa wajen kunnen,
ya taɓa, ya dawo ba aiki.
Gobe in na samu kuɗin taksi
zan je Gamkalle in gaya wa tsohon
na ga sawunsa.