Zanen Bayan Ƙyaure

A bayan ƙyauren ɗakinmu akwai zanen alli,
kowane ɗaya safiya ce da na fita gudu.
Barira ta ce na ɓata mata fenti,
amma ita ke ajiye mini allin a kan taga.

Ina sallame asuba sai in ɗaure takalmi,
ɗan gwanjo ne, dunduniyar hagu ta cinye.
Daga Rafindaɗi nake miƙewa Ƙofar Sauri,
ko da yake ni da sauri sai dai a suna.
Ɗan'asabe mai shayi yana fifita gawayi,
tambayarsa ɗaya ce tun bara:
"Malam Nafi'u, wa ya biyo ka?"
In ce: "Likita ne, da takardar awo a hannu."
Ya yi dariya, ni ma in yi,
sai dai tawa takan fito guntu-guntu.

Numfashi, taku, numfashi, taku.
Garin bai gama buɗe ido ba.
Mai kura yana turo jarkoki suna kuka,
akuya ta kwana bisa murfin kwalbati,
ni kuwa ina tattauna bashin wata da ƙirjina
har ya yarda a bar shi sai gobe.

Da gwiwa ta fara ƙorafi,
Siyama, 'yar farina, ta kawo waya:
"Baba, ana ce masa yoga."
Muka shimfiɗa tabarma a gindin darbejiya,
ta koya mini tsayuwar zalɓe da ƙafa ɗaya,
da yadda ake jan iska kamar guga daga rijiya,
a hankali, kada a zubar.
Inna Kulu ta leƙo da carbi a hannu:
"Wannan wane ruku'u ne ba alƙibla?"
Na ce: "Inna, ba salla ba ce,
jijiya nake lallashi."
Ta ce: "To lallashe ta da wuri, kokon yana sanyi."
Mudan kuwa, da ya ga na duƙa,
sai ya ɗare bayana, ya ce "kur, jaki!"

Daga nan sai gudu na biyu, wanda ba a zanawa:
safa ɗaya ta ɓata, littafin lissafi ya jiƙe,
mutum huɗu a babur ɗaya,
ƙararrawar makaranta ba ta jiran kowa.

Zane ɗari biyu da goma.
A daren na sha ɗaya jikin Mudan ya ɗau wuta.
Ruwa ake kamar da bakin ƙwarya,
babur ya yi tari sau uku ya mutu.
Na zura silifa na faɗa cikin duhu,
taɓo har idon sawu,
ban tsaya ba sai ƙofar kemis a Sabon Layi.
Ban ƙirga taku ba.

Asuba ta same ni zaune, yaro a ƙirji,
ina ja masa iska irin ta Siyama,
ina saki a hankali, har nasa ya bi nawa.
Takalmi na can lungu, bakinsa buɗe.
Rana ta fito ba ta tambaye ni ba.

Da hantsi na tashi rufe ƙofa
sai na ga sabon zane a ƙarshen layi,
karkatacce, ya ɗara nawa tsawo.
Barira tana goge alli a gefen zanenta.
"Ka yi gudun," ta ce, "na ga ƙafarka."

Washegari Ɗan'asabe ya ɗaga ludayi:
"Jiya fa, Malam? Ya kama ka ne?"
Na wuce ina haki,
ban sami iskar ba shi labari ba.