Ƙidayar Alfijir

Kwana uku dusar ƙanƙara na zuba a Fukui.
Ina ɗakin gwaji, hawa na biyu,
idona a madubin ƙara girma,
babban yatsana a kan maɓallin ƙidaya.

Sun aiko min da ɗan yanki, bai kai ƙwayar shinkafa ba,
daga tsiron naman da aka cire a hancin wani dattijo.
Na karanta sunan a gefen gilashi: Kuwabara Genzo.
Gabana ya faɗi.
Wa bai san shi ba a unguwarmu?
Shekara arba'in yana tsima waken suya a gangunan katako
har ya zama baƙin romon da muke kira shoyu.
Ba ya aunawa, ba ya ɗanɗanawa.
Ya ɗaga murfi, ya shaƙa sau ɗaya,
ya ce, saura wata biyu.

Bara aka yi masa aikin farko.
Ya ji ƙanshin ruwan sama na mako shida,
sai naman ya sake tohowa
kamar ciyawar da aka yanke aka bar saiwa.
Yanzu da baki yake numfashi,
ƙirjinsa na fito da dare, in ji matarsa a kasuwar kifi.

Na ɗiga rini. Na jira.
Ga su nan sun fito, iyosinofil,
dakarun jini masu shan jan rini
har su yi launin sama kafin rana ta leƙo.
Kyawunsu ne ke ba ni haushi.
An halicce su don yaƙar tsutsa,
amma a nan babu tsutsa, babu baƙo,
masu gadi ne suka rasa ɓarawo
suka juya suna rushe katangar gida.

Ɗaya. Biyu. Goma sha tara.
Maɓalli na ƙas, ƙas, kamar agogon da ke da labari.
Likita Mizuno ta ce iyakar saba'in ce a fili guda:
ƙasa da haka, a sa rai;
sama da haka, ciwon mai naci ne,
a yanke ya dawo, a yanke ya dawo.

A sittin da tara na ɗaga kai.
Na sha shayin da ya huce.
Na goge gilashin da ba shi da datti.
Da na mayar da ido, suna nan inda na bar su,
kuma ko rabin filin ban ci ba.

Ɗari da arba'in da biyu.
Na rubuta, na sa hannu: Chizuru.
Ƙarya ba ta buɗe hanci.
Wataƙila wannan lambar ce za ta sama masa allurar nan mai tsada,
wataƙila.

Da yamma na bi ta ƙofar rumbunsa.
Ya ɗora jikarsa Sayo a kan akwati,
'yar shekara tara, ta leƙa cikin ganga.
Ya ce, faɗa min abin da kika ji.
Ta ce, kamar katako bayan ruwa.
Ya ce, sai me kuma?
Ta yi shiru, ta sake shaƙa.
Shi ma ya ja iska tare da ita,
don sabo.