Agogon Zurfi a Ƙofar Ruwa

A Ƙofar Ruwa babu ruwa,
sai ƙarfe, sai tsatsa, sai kukan guduma.
Ran Talata tirela ta juye mana kaya daga Ikko,
sarƙa, rodi, haƙarƙarin injin da ba mu san ubansa ba.
A ƙasan tulin na tsinci agogon tagulla,
allura ɗaya gare shi, kuma ba ya ƙirga sa'a.

Na kai wa Baba Nalado mai gyaran sikeli,
wanda ya cinye ƙuruciyarsa yana walda a bakin teku.
Ya goge gilashin da gefen rigarsa,
ya yi shiru har shayinsa ya huce.
Ya ce: Yaro, wannan zurfi yake aunawa.
Idon jirgin da ke tafiya a ƙarƙashin ruwa ne.

Bayan babban yaƙi ya lafa aka ƙera irinsa,
da maƙera suka zauna ƙirga waɗanda ba su dawo ba.
Suka cire bindigar da ke bisa doronsa,
suka shafe shi sumul kamar tarwaɗa
don kada ruwa ya sami abin kamawa.
Fata biyu gare shi, ta ciki kaurinta ya fi tafin hannuna.
Tsakaninsu rumbuna:
in ya sha ruwa ya nutse,
in ya amayar ya taso.
A sama dizal ke jan sa, a ƙasa batir,
ga bututu guda da yake leƙo da shi ya shaƙi iska,
kamar yaron da ya ɓuya a kududdufi da kara a baki.

Mutum sittin a ciki, gado arba'in.
Mai tashi aiki ya bar wa mai dawowa ɗumin shimfiɗa.
Ba alfijir, ba almuru,
sai kuku ya soya ƙwai ka san gari ya waye.
Burodi ya yi gemu, a aske, a ci.

Na ce: Baba, jirage nawa ya nutsar?
Ya yi dariya. Ko kwalekwale.
Shekara talatin yana sintiri, aikinsa kasa kunne.
Ya lafe a ƙasa kamar mai laɓe a bayan zana,
cokali ya faɗi, a harari wanda ya yar.
Sau ɗaya wuta ta tashi a ɗakin batir,
wani yaro ya rufe ƙofa yana daga ciki.
Sunansa ne ban riƙe ba, shi ke damuna.
Da ya tsufa aka mai da shi makarantar sababbin shiga,
sannan aka ɗaure shi a gaɓa,
sannan irina suka zo da wuƙar wuta.

Ka taɓa shiga, Baba?
A'a. Na dai tsaya a gefen wani, na shafa shi.
Wani baƙin kuku ya ba ni labari a kan tabar da na ranta masa.
Rabin abin da ka ji nasa ne, rabi na tsufa.

Alhaji Ilu ya ƙwala mini kira: a ɗora a sikeli!
Kilo biyu da ɗoriya, kuɗin tagulla kawai.
Sauran jikinsa wa ya sani,
ƙila murhun mai ƙosai ne a Jakara,
ƙila ƙyauren wani shago a Kurna.
Na ce a cire a ladana na mako.

Yanzu yana rataye a ɗakinmu, kusa da kalanda.
Cikin Agusta ruwa ya ci lungunmu har gwiwa,
na tsaya a kan gado ina kallon allurar.
Ba ta motsa ba. Ta ga abin da ya fi wannan.

Inna, da idonta ya fara hazo,
takan ɗaga kai ta ce: Ƙarfe nawa, Sallau?
In duba, in ce:
Muna sama tukuna, Inna.