Riyal Ɗari Uku da Arba'in

Riyal ɗari uku da arba'in na ƙulle a safa,
ladan ɗinkin jallabiya goma sha ɗaya.
Na sauka a Bab Makka da la'asar sakaliya,
zafin Jidda yana lasar ƙeya.

Goggo Tabawa ta haura tamanin da bakwai.
Ita kaɗai ta rage a gidanmu na Karantina
da ta san sunayen rijiyoyin hanya,
tun daga Maigatari har bakin ruwa a Sawakin,
inda aka goya ta, inda aka sauke ta ta taka.
Sau uku ina ɗaukar muryarta da kwamfutar ƙanena.
In na kunna, sai ka ce ana suyar ƙosai a ɗakin,
ita kuwa tana can ƙasan rijiya tana kira.

Lawwali mai gyaran waya ya ce, ba laifin tsohuwa ba ne,
katin sauti za ka nema, na waje, mai kebul.

A shagon farko wani dattijo mai carbi
ya aza mini ɗaya a kan gilashi,
baki takwas, fitilu birjik, dubu biyu ba ragi.
Na ce, ya shehi, bakinta ɗaya ne,
shi ma haƙori huɗu suka rage a ciki.

Na shago na biyu riyal sha biyar, bai fi ɗan yatsa ba.
Araha ba ta ado.
Ina sa abin kunne
na ji sauro ya riga ni tarewa.

Na uku yana lungu, bayan masu turare.
Mizanur, ɗan Bangaladash, bai ja ni da zance ba.
Ya ce, bar karanta kwali, kwali ba shi da kunya.
Rufe kunnenka, murɗa har ƙarshe, ka kame bakinka.
In shirun ya yi shiru, ka samu.

Na murɗa.
Kamar tsakar dare bayan an ɗauke ruwa.

Ya ce, yanzu yi magana.
In muryarka ta dawo a makare, ajiye, ba naka ba ne.
Na ce, Tabawa.
Sunan ya iso kunnena tun bai bar leɓena ba.
Na ba shi kiɗan gurmin da ke wayata ya sa,
na ji farcen makaɗi yana gogar tsirkiya.
Shekara shida ina jin kiɗan nan, ban san da farcen ba.

Ɗari huɗu, in ji shi.
Na nuna masa ƙarcen da ke gefe, ya nuna mini sama.
Na juya, ya kira ni.
Ɗari uku da talatin, kebul kyauta, kwali babu.

Da dare na kashe fanka, na zare firji,
na rataya bargo biyu a taga,
na ba yara alewa su tafi maƙwabta.
Goggo ta harari makirufo kamar baƙon da bai yi sallama ba,
sannan ta fara.
Rijiya ta fari, mai gishiri.
Ta biyu, wadda jakinsu ya ƙi.
A ta bakwai, gab da Fashar, ta tsaya.

Ban taɓa komai ba.
Katin ya ɗauki haɗiyar yawu,
ya ɗauki carbi ƙwaya uku,
ya ɗauki wani suna da ta faɗa ƙasa-ƙasa,
Ɗantsoho,
yayanta da aka bari a can ƙarƙashin aduwa.
Ashe duk sau ukun nan ta faɗe shi,
man suya ne ya cinye.

Na ɗora mata abin kunne a kan kallabi, na mayar baya.
Ta daɗe tana saurare, hannu a haɓa.
Sai ta ce, Tanimu,
wace tsohuwa ce wannan
ta ari muryar innata?