Taƙi Ɗaya

Ni gola ne. Shekara tara
ina kallon ƙeyar mutum biyu,
har na fi sanin bayansu da fuskar ƙanina.

Choji a dama, Falwaya muke ce masa.
In ya tsaya a filin Gangare da la'asar sakaliya
inuwarsa sai ta haye layin tsakiya.
Sallau a hagu,
rigar lamba biyar na sauko masa har gwiwa,
ya tattare ta, ya cusa a wando, ya tamke da igiyar takalmi.

'Yan kallo a kan duwatsu, suna hura hannu don sanyi,
suna cewa, wa ya aiko yaro cikin manya?
Sallau ba ya tankawa.
Idonsa ba a kan ƙwallo yake ba,
yana kan ƙugun mai bugu,
kan ƙafar da ya dasa,
kan inda iskar Shere ta kwantar da tutar kusurwa.
Kafin ƙwallo ta tashi, ya riga ta masauki.
'Yar kafaɗa, wadda ba ta kai a busa ba,
dogon ɗan gaba ya yi tsalle ya kamo iska.

In kuwa ta fi ƙarfinsa,
"Falwaya, yanzu!"
Choji ya tashi, goshi ya ba da amo kamar an bugi turmi,
ni kuma safar hannuna ta koma gida ba taɓo.

Sai ga wani mutum daga Abuja,
da tef irin na tela a aljihun kwat.
Bai jira an take wasa ba.
Ya jera mu a bangon firamare kamar mai sarin rake,
ya auna, ya rubuta, ya gyaɗa kai.
Da ya zo kan Sallau
ko warware tef ɗin bai yi ba.
Ran Asabar muka raka Choji tasha.

Na so in ce mutumin wawa ne.
Amma akwai wata Lahadi da ta tsaya mini a wuya kamar ƙayar kifi.
Wasan ƙarshe da 'yan Bukuru, ruwan Agusta na tsuga,
saura minti biyu, bugun kusurwa.
Sallau ya karanta ta tsaf,
ya tsaya inda ake tsayawa,
ya tashi lokacin da ake tashi,
ta wuce saman gashinsa da taƙi ɗaya.
Taƙi ɗaya.
Na sha auna shi a kan katifa, dare ya raba.
Na tsamo ta daga raga, nauyinta kamar buhun kuza.
Hankali ya kai iyakarsa,
ƙashi ya ce, ni nan na tsaya.

Damina biyu, Choji ya dawo da jaka ɗaya.
Ya ce can kowa dogo ne,
kowa na tsalle, ba mai cewa yanzu.
Sun daina aiko ta sama, in ji shi,
ta ƙasa suke zuro ta, ta bayan kunne,
kafin ya juyo kamar tirela a cunkoson Taminus
yaron ya riga ya fara murna.

Yaran unguwa, takalma rataye a wuya,
kan tare ni, Baba Gola, dogo ko gajere?
Sai in buɗe musu hannu,
daga babban yatsa zuwa na tsakiya.
Wasu su ɗauka kuɗi nake roƙo.

Jiya na bi ta Farin Gada.
Ana lodin dankali, motar ta cika har ta yi tozo.
Sallau, furfura a gemu, ya cicciɓo buhun ƙarshe,
ya kai shi iyakar hannunsa, ya yi ɗage,
saura kaɗan.
Bai ko waiwaya ba.
"Falwaya, yanzu!"