Dashen Mangwaro a Kwalkwalawa

Ranar da aka raɗa wa Hassi suna
na sayo dashe uku a bakin gada,
mangwaro biyu, gwaba ɗaya.
Na ɗauro su a bayan keke har fadama,
na haƙa musu gurbi kusa da rijiya.

Albasa kuɗi ce, kowa na tsaron tasa.
Dashe kuwa sai mai shi:
ganye bakwai a kan tsinke,
masu laushin kunnen jinjiri,
irin wanda ke kiran akuya.

Ja ce, irin tamu ta Sakkwato,
ƙahonta na hagu ya karye.
Ba ta gudu don an yi tsawa.
Takan tsaya tana tuƙa tana dubana
kamar ni na shigo mata gona,
idonta babu ko ɗigon kunya.

Na yi darni da karan dawa,
ta fara da cin darnin.
Na dasa aguwa a jere,
aguwa sai ta shekara take haɗe baki.
Na jera tsofaffin tayoyi na zagaye gwaba,
ta taka su ta miƙa wuya.

Na shiga daji da gatari
na saro gumbi da farar ƙaya,
kwana uku ina alwala da raɗaɗi.
Ta bi ramin da kare ya tona,
da safe na tarar da gwaba
tsaye tsirara kamar tsinken tsintsiya.

Ran Talata na kama ta.
Na ɗaure ta da igiyar guga,
na ce yau sai gidan mai unguwa,
a ƙirga ganye a biya ni.
Sai ga Ige tana dogara sanda,
zanenta jiƙe da raɓar hanya.

"Jabbi, mi tac ci?"
Na ce, gwaba, har saiwa ta so ta kai.
Ta dubi albasata, koriya shar,
ta ce, "Wanga taki, ina kas samo shi?"
Buhu shida ne daga garkenta,
ban ba ta ko sisi ba.
Na kwance igiya, bakina ya yi nauyi,
na san inda aka ajiye gaskiya.

Ita ta koya mini maganin.
A jiƙa kashin akuyar a bokiti,
a bar shi kwana biyu a rana,
a yayyafa wa ganye kafin hantsi,
don ba ta cin abin da ke warinta.
Ta ce za ta kafa mata turke
in ni zan riƙa kawo ciyawar da na cire.
Muka rabu a kan haka,
ba shaida sai wani balbela a gefen rijiya.

Mangwaro ɗaya ya mutu da kansa,
ba wanda zan ɗora wa laifi.
Ɗayan ya wuce kaina yanzu.
Hassi ta shiga aji biyu,
jikar waccan akuyar tana kwana a inuwarsa
tana tsintar abin da ya faɗo.
Bana ya yi furen fari,
na ce wahala ta ƙare, na kwashe ƙaya.

Jiya wani Buzu ya tsaya shan ruwa.
Raƙuminsa bai taɓa shinge ba,
bai nemi rami ba, bai taka komai ba,
daga waje ya sauke leɓe a kan fure
ya share rabin reshen gabas.
Ige ta yi dariya har ta saki sanda,
ta ce, "Wanga kam, sai ka yi ma sama darni."

Yanzu ga ni da bokiti,
Hassi na biye da ni tana toshe hanci,
muna bin sawunsa har bakin gulbi
muna tsintar abin da ya bari a baya.