Ɗigon Jan Farce

Amfilifar Baba Dogara ta girme ni.
Daga Wusasa na ɗauko ta, rungume kamar majinyaciya.

Ba ta son gaggawa.
Ka kunna, ka jira kwalaben cikinta su yi ja
kamar garwashin mai tsire,
sannan ka gaishe ta.

Ƙofa uku gare ta.
Ta farko ruwan randa ce, tas.
Na rage kaifi, don jitata akwai tsiwa,
na ƙara kauri, kwanon rufi ya kama kyarma.
Ta biyu gurnani,
jirgin kaya ya doshi Sabon Gari.
Ta uku, murɗa ɗaya,
Maman Rifkatu ta leƙo ta katanga
tana tambayar wa ake yankawa.

Kowane maɓalli da ɗigon jan farce a gefensa,
inda kunnen Baba ya tsaya shekara talatin.
Na jera su, ɗigo kan ɗigo,
na kaɗa.
Ba shi ba ne.
Wayar ita ce, wutar ita ce,
yatsun ne ba nasa ba.

Na goce da na tsakiya, faɗin ƙwayar gero,
sai ga wata murya
mai kama da tawa in na tashi barci.

Nan Nepa ta ɗauke.

Na zauna a duhu, tafina kan murfinta.
Ɗumin bai tafi ba tukuna.
Gobe zan ari jan farce wajen Rifkatu,
amma shuɗi.